Shagon firam na hanyar tasha: katako ya yi, amma ka sa ido a rubutun ƙasan hoto

Tun da na aje alli na koma gona, zaurena ya zama ajin yamma. Yaran unguwa masu shirin jarrabawar fita sakandare sukan zo bayan la'asar in tuna masu darasin Gwamnati, wanda na koyar shekara 31 kafin ritaya. Akwai babi guda da kullum yake sa su gyangyaɗi, wato hulɗar Najeriya da ƙasashen waje. Da ka buɗe shi sai ka ga idanu sun yi nauyi, wani ya tuna an aike shi niƙa. To bayan rasuwar Buhari, Allah ya jiƙansa, a watan Yulin 2025, hotunansa suka cika gari, a bayan Keke Napep, a shagon aski, a teburin mai shayi. Sai dabara ta zo mini: in samo hotuna shida na shugabanninmu da takwarorinsu na waje, in rataya a bango, in riƙa koyarwa da su. Yaron Daura ko bai san Majalisar Ɗinkin Duniya ba, ya san wannan doguwar fuskar.

Abin da ya kai ni shagon da zan ba ku labarinsa ke nan. Ba zan kama suna ba, don akwai inda zan yaba akwai inda zan kushe, kuma ina jin nauyin mahaifin mai shagon, tare muke sahu a masallaci.

Ɗaki ɗaya ne da rumfa. A rumfar ake yanka katako da gilashi, a ciki kwamfuta da injin buga hoto suke. Kana sa ƙafa warin gam da garin katako za su tare ka. Yawancin aikinsu hoton aure ne, da takardun shaidar kammala karatu, da Ayatul Kursiyyu mai ruwan zinare, amma bangon hagu gaba ɗaya na shugabanni ne, tun daga silin har kusan ƙasa. Mai shagon ba zai wuce shekara 40 ba, tsohon mai ɗaukar hoto ne da wayar hannu ta kashe wa kasuwa ya koma firam. Da ya gan ni ya miƙe, ya kaɗe benci da hularsa, ya ce, "Baba Malam, yau kai ne da kanka? Ai da ka aiko."

Na ce hoto nake so, kuma ba na aike.

Na tsaya gaban bangon na ɗan jima. Hoton Buhari da Obama ya fi kowane yawa, na ƙirga takwas, manya da ƙanana. Sai na Buhari da Sarauniyar Ingila, sai wanda yake sanye da harami, sai na Sarkin Saudiyya. Na tambaya ina nasa da shugaban Nijar? Babu. Da Sarkin Maroko? Ya juya ya kalli yaron kwamfuta, yaron ya kalle shi. Da Trump fa? Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ba ya tafiya. Na taɓa buga biyu, sai da suka shekara, ƙarshe na cire hoton na sa na amarya a firam ɗin."

Na ce masa ka san kuwa wanda ka cire ɗin nan ya fi wanda ka jera takwas kawo kaya? Hoton Obama ranar 20 ga Yulin 2015 aka ɗauke shi a fadar White House, Buhari bai cika wata biyu a mulki ba. An yi masa tarba ta girma, babu musu. Amma a wannan tafiyar ce ya fito fili ya koka cewa dokar Leahy, wadda ta hana Amurka ba da makamai ga sojan da ake zargi da take haƙƙin jama'a, ta ɗaure wa Najeriya hannu a yaƙi da Boko Haram. Maganar jiragen yaƙi na Super Tucano an taso da ita a zamanin Obama, sai ga abin da ya faru a Rann a Janairun 2017, da jirgin sojan samanmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira bisa kuskure, aka jingine cinikin. Gwamnatin Trump ce ta sake shi: jirage 12, dala miliyan 496. Ranar 30 ga Afrilun 2018 Buhari ya je wurinsa, shi ne shugaba na farko daga Afirka kudu da Sahara da Trump ya karɓa a fadar. Jiragen kuma ba su fara isowa ba sai Yulin 2021, lokacin Trump ɗin ma ya sauka.

Ya saurare ni har na gama, ladabi dai yana da shi. Sai ya ce, "Baba, mutane ba jirgi suke saye ba, fara'a suke saye. Dubi yadda Obama ke dariya."

Ban iya musa masa ba. Ɗan kasuwa ne, abin da ake nema shi zai rataya.

Mu zo kan farashi, tunda shi ne abin da yawancinku za ku tambaya. Firam iri uku yake yi. Na roba shi ne mai araha, na alminiyam a tsakiya, na katako da gilashi a sama. Girman da na zaɓa inci 12 a 16, na katako, ya ce ₦9,000 kowane, har da buga hoto. Na alminiyam ₦7,000, na roba ₦4,500. Na taya ₦7,000 na katakon, ya ce albarka. Muka yi ta ja, ya kawo tsadar gilashi, na kawo fansho da ba ya zuwa kan kari, ƙarshe ya sallama shida a ₦48,000. Na ba da kafin alƙalami ₦25,000 ta tiransifa, ya rubuta a wani littafi mai bango baƙi, ya ce kwana biyar. Rasit ba ya bayarwa sai ka nema. Ka nema.

Shawarata kada ka ɗauki na roba, ko da kuɗinka bai kai ba gara ka rage yawan hotunan. Maƙwabcina ya sayi biyu a nan, ya rataya inda rana ke shigowa ta taga. Kafin wata huɗu babbar rigar Buhari da take shuɗiya ta koma kalar toka, robar gaba ta lanƙwashe kamar ganyen da aka ƙona. Laifin rabi na robar ne, rabi na takardar, don ga na roba takarda mara kauri suke bugawa. Mai shagon bai ɓoye mini wannan ba da na tambaya, sai dai idan ba ka tambaya ba ba zai faɗa ba.

Nemo hotunan shi ya ci mana yini. Na zauna kusa da yaron kwamfuta, ina faɗa yana dubawa a intanet. A nan na fara ganin hannun mai shagon. Na so a sa hoton Tafawa Ɓalewa da Kennedy na Yulin 1961, saboda Ɓalewa a Kwalejin Katsina ya yi karatu, kuma shi ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoban 1960 da aka karɓi Najeriya a matsayin ƙasa ta 99. Yaron ya samo, zai aika inji, mai gidansa ya leƙo ya ce tsaya. Ya ƙara girman hoton a allon kwamfuta ya nuna mini yadda fuskar ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai. Ya ce, "Baba, in na buga wannan a 12-16 kuɗinka za ka zubar, daga nesa ma ba za a gane Kennedy ba ne ko direbansa." Wani da ya buga ya karɓi kuɗinsa. Na haƙura da Ɓalewa, na sa Umaru Musa 'Yar'aduwa da Bush na Disambar 2007 a madadinsa, don kada Katsinawa su ce mun yi son kai. Da wannan nake shiga maganar Bakassi, wadda kotun duniya ta yanke a 2002, Obasanjo da Biya na Kamaru suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, amma a hannun 'Yar'aduwa aka ƙarasa miƙa ta ga Kamaru ranar 14 ga Agustan 2008. Shi ya ɗauki zagin.

Sauran biyar: Issoufou na Nijar, Sarki Muhammadu na Shida na Maroko, Sarki Salman, Xi na Chaina, da Trump ɗin da ba ya tafiya. Na faɗa wa yaron sunaye da shekaru da baki, ya ce ya riƙe. Kuskurena na farko ke nan, kuma ni malami ne, ya kamata in fi kowa sanin abin da "na riƙe" ke nufi a bakin yaro.

Kwana biyar suka zama 16. Zuwa na farko babu wuta, man janareta kuma ya yi tsada. Na biyu tawada ta ƙare, an aika Kano. Na uku gilashi ya fashe a mota tsakanin Kazaure da nan. Wannan na ukun na yarda da shi don na ga tarkacen a kwali. Abin da ya fi ɓata mini rai ba jinkirin ba ne, rashin kira ne. Yana da lambata, sau uku ina hawa mashin a banza. In kana da biki ko walima da rana tsayayya, ka ba shi mako uku, ka ce masa mako ɗaya gare ka.

Ranar da suka fito kuwa, sai da na manta fushin. Ya jera su a benci a rumfa, ya goge gilashin da tsohuwar jarida. Kusurwoyin sun haɗu tsaf, ka sa farce ba za ka ji gaɓa ba. Katakon ya goge shi ya shafa masa ruwan ƙasa mai duhu, babu ɗigon fenti ko ɗaya a gilashi. Ya juya guda ya nuna mini baya: kwali mai kauri, ƙananan ƙusoshi a jere, sannan ya bi gefe huɗu da faffaɗan tef ya like, ya ce saboda ƙurar hunturu da kyankyasai. Maratayin ƙarfe ne guda biyu da waya, ba igiyar leda da ake sa wa na kasuwa ba. Launin hoton ya fito, har aikin zaren hular Buhari kana iya bi da ido.

Sai na sa tabarau na karanta rubutun ƙasa.

Na Saudiyya an rubuta "Shugaba Buhari da Sarki Abdullah, 2016". Sarki Abdullah ya rasu a Janairun 2015, wata huɗu kafin a rantsar da Buhari. Wanda ke hoton Salman ne, a Riyad, Fabrairun 2016, lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas ƙasashe masu mai suna neman mafita. Na Nijar kuwa an rubuta Bazoum a ƙarƙashin Issoufou. Na Maroko an sa 2018 maimakon 2016. Uku cikin shida.

Na kira yaron na ce, "Kai, zo nan. Wane ne wannan?"

Ya ce, "Shugaban Nijar ne, Baba."

"Wanne daga ciki?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai Bazoum ya sani, shi ake ta faɗa a rediyo. Na lissafa, a 2015 da aka ɗauki hoton yaron nan bai fi shekara tara ba. Fushina ya koma kan mai gidansa, wanda ya duba ƙwayar hoto ya hana ni asara amma bai duba layi ɗaya na rubutu ba. Na ce masa yanzu na Sarki Abdullah nawa ka sayar haka? Ya yi shiru, ya kalli bango. Akwai uku rataye a wurin da wannan rubutun.

Biyu ya gyara ba gardama: ya ɓare tef, ya zare ƙusoshi, ya sake bugawa, bai karɓi ko sisi ba. A na Maroko muka yi sa-in-sa. Ya ce ai ya duba, Buhari ya gana da Sarkin a 2018. Na ce gaskiyarka, ya je Rabat a Yunin 2018, amma wannan hoton a Abuja aka ɗauka, farkon Disambar 2016, lokacin da Sarkin ya zo. Ya ce to ai duk ɗaya ne, mutanen dai su ne. Na ce a wurinka ɗaya ne, a wurin mai gyara takardar jarrabawa biyu ne. Ƙarshe muka raba kuɗin takarda, na ba da ₦1,000. Har yau ina ganin bai kamata in biya ba, amma ni ma da na rubuta a takarda na miƙa da ba a kai nan ba.

Akwai wani aiki da suke yi wanda ban so ba ko kaɗan, kuma shi ne ya fi kawo masu kuɗi. Ka kawo hotonka, yaron ya yanko ka a kwamfuta ya dasa ka kusa da shugaba. Ina zaune wani ɗan siyasar unguwa ya zo karɓar nasa: ga Buhari, ga Obama, ga shi a tsakiya ya sha babbar riga, hannunsa a kafaɗar Obama. Mutumin nan iyakarsa Abuja. Inuwarsa ta faɗi hagu, ta sauran ta faɗi dama, shi ko a jikinsa. Na san wasa ne, kowa a unguwa ya san wasa ne. Amma firam ɗin shagon nan yana da ƙarko, zai kai shekara 30 a bango, jikokinsa kuma ba su san wasa ba ne. Na faɗa wa mai shagon ko da ƙaramin rubutu ne ya riƙa sawa a baya cewa haɗi ne. Ya ce, "To Baba," irin "to" ɗin da ake ce wa tsoho.

Yanzu hotunan sun ci ƙarshen damina da hunturu guda a zaure. Ƙura ba ta shiga ko ɗaya ba, launi bai koɗe ba. Kusurwar na Xi ta ɗan buɗe da iskar hunturu ta busar da katakon, na mayar ya sa gam ya matse cikin minti goma, kyauta. Na Xi ɗin dai ba ya ba ni wahalar koyarwa, don yaran suna wucewa ta gaban Jami'ar Sufuri da kamfanin CCECC na Chaina ya gina a nan Daura, wadda aka aza tubalinta a Disambar 2019. In na ƙara masu da ziyarar Afrilun 2016 da yarjejeniyar musayar kuɗi ta 2018, naira biliyan 720 da yuwan biliyan 15, sai in bar su da tambayar bashi su yi ta musu.

Na Maroko ne ya ba ni mamaki. Ranar farko wani yaro ya nuna shi ya ce, "Malam, wannan Balaraben fa?" Ban amsa ba, na shiga cikin gida na ɗauko tsohon buhun taki da nake zuba ƙaiƙayi a ciki, na shimfiɗa a tabarma. Na ce wanda babansa ke noma ya ɗaga hannu. Duka suka ɗaga. Na ce to Maroko ce ta fi kowace ƙasa arzikin fosfet a ƙarƙashin ƙasa, sinadarin da harafin P na jikin buhun nan ke nufi. A zuwan Sarkin nan aka ƙulla cewa za a riƙa kawo shi nan, a haɗa da yuriyarmu a masana'antun haɗa taki da suka daɗe a rufe, a sayar wa manomi buhun NPK a ₦5,500. Ni na saya a wannan farashin a daminar 2017, buhu huɗu, bayan na yi layi tun hantsi. Ba kowa ya samu ba, 'yan kasuwa sun karkatar da nasu rabon, kuma yau wannan kuɗin ko kwatan buhu ba zai ba ka ba. Amma shekarar geron gonata ya san an yi baƙo a Abuja. A ziyarar ce kuma aka taso da maganar bututun gas daga Najeriya zuwa Maroko, wanda har yau a takarda yake. Yaran suka yi ta juya buhun. Babu wanda aka aika niƙa a ranar.

Wanda na rataya a tsakiya, saitin ƙofa, shi ne na Issoufou, kuma shi ne wanda na fi daɗewa a gabansa ko babu ɗalibai. Uwargidana mutuniyar Matamaye ce. Rabin dangin 'ya'yana katin Nijar gare su. A wurinmu Yamai ba ƙasar waje ba ce irin ta littafi, abin da aka faɗa a can da safe kafin azahar ya iso Kongolam da ke bakin iyakarmu.

An rantsar da Buhari ranar 29 ga Mayun 2015, ranar 3 ga Yuni yana Yamai. Ita ce tafiyarsa ta farko, kafin Jamus, kafin Amurka. Washegari ya wuce Chadi wurin Idriss Déby, ya bi da Kamaru a ƙarshen Yuli, da Benin. Daga wannan zagayen aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, hedikwata a Njamena, Najeriya ta yi alkawarin dala miliyan 100. Soja ne, ya san ba a kashe gobarar da ta ci katanga sai da mutanen gidan baya. Kuma bai taɓa ɓoye cewa yana da dangi a Nijar ba, har da ya kusa sauka ya yi raha cewa in aka dame shi a Daura can zai tsallaka. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya zai bi. 'Yan kudu sun yi ta surutu a kansa. Mu dai muna ganin gadoji da tudun ƙasa, muna jiran jirgi.

Amma ina gaya wa yaran kada murmushin hoton nan ya rufe masu ido. Wannan Buharin da ke riƙe da hannun Issoufou shi ya rufe iyakoki a Agustan 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, ya bi da hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe wasu a Disambar 2020, ta Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Kasuwar Mai'aduwa ta ji a jikinta. Manoman shinkafa sun yi murna, masu ɗan ciniki tsakanin nan da Damagaram sun karye, kuma na san gidajen da duka biyun suke ci a tukunya ɗaya. Sai kuma 26 ga Yulin 2023, sojoji suka kifar da Bazoum. ECOWAS a ƙarƙashin Tinubu ta ba da wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, aka fara maganar tura soja. An aika Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Yamai neman sulhu. A watannin nan ƙanwar uwargida ta aurar da 'yarta a Matamaye. Tafiyar da muke yi mu dawo a yini, uwargida ta yi ta a bayan mashin ta hanyar gonaki, ni kuwa gwiwata ba ta ba ni ba, gudunmawata kawai ta je. Ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris na 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS ɗin gaba ɗaya a Janairun 2025. Duk da haka ranar 15 ga Yulin 2025 da aka kawo gawar Buhari, Firaministan Nijar Ali Lamine Zeine yana cikin waɗanda suka zo jana'iza a garin nan. Gwamnatoci suna gaba, amma gaisuwar mutuwa ba a aiko ta a waya ba.

Shi ya sa sunan Bazoum a ƙarƙashin Issoufou ya tsaya mini a rai fiye da sauran. Tsakanin sunayen biyu akwai shekara takwas da auren da ban je ba.

Abu mafi daraja a shagon ba na sayarwa ba ne, kuma ba a bango yake ba. Ranar da na je gyaran kusurwa, mai shagon ya jawo durowa ya ciro wani hoto a ambulan. Babbar Sallar 2019 ce, da Alpha Condé na Gini ya zo Daura ya yi Idi tare da Buhari. Ni ma ina filin a ranar, amma daga inda nake hulunan 'yan rakiya kawai na hango. Shi kuwa a lokacin bai aje kyamara ba, ya kutsa har inda jami'an tsaro suka tare shi, ya ɗaga hannu sama ya danna. Hoton ya ɗan karkace, kafaɗar wani dogari ta cinye kusurwa guda. Shugabannin biyu ba sa kallon kowa, ba sa murmushi, suna zaune a sahu kamar sauran mutane, a bayansu wani yaro ya leƙo da baki buɗe. Ba a yi mako biyu da ɗaukarsa ba aka rufe iyaka. Bayan shekara biyu sojoji suka kifar da Condé. Na ce nawa? Ya ce ba na kuɗi ba ne, amma zai buga mini ƙarami gyara. Ya buga, ya sa a firam na katako ɗan tafin hannu. Rubutun ƙasa ni na rubuta da kaina a takarda, na tsaya a kan yaron har ya gama bugawa.

In za ka je, ka je da safe kafin a ɗauke wuta, ranar Juma'a kuma suna rufewa tun ƙarfe 12. Ka zaɓi katako. Ka nemi a ƙara girman hoton a allo ka gani da idonka kafin a buga. Sunaye da shekaru ka rubuto su daga gida, ka karanta abin da aka buga kafin a like baya. Ka riƙe rabin kuɗinka har kaya su fito.

Makon jiya na bi ta wurin zan sayi ƙusa, ya kira ni. Na Sarki Abdullah ukun nan ya sauke su ya gyara. Ya kuma buga na Sarkin Maroko guda uku ya rataya kusa da Obama, wai tunda Baba Malam ya ce shi ya kawo taki. Na ce an saya? Ya ce mutum ɗaya ya taya, ya ɗauka limamin Madina ne, da aka faɗa masa ko wane ne sai ya aje ya ɗauki Obama.